Baƙin Rami da Idon Hagu

Daga kan dutse, 2 ga Fabrairu

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan, da keken ɗinkin nan naki da ya fi mu duka surutu. Ni lafiyata ƙalau, sai leɓe da ke tsagewa don sanyi, da numfashi da ke guntule mini in na hau bene. Nas ɗinmu ta ce haka tsayi yake yi wa baƙo, jiki zai saba.

Kin ce in daina rubuto miki "aiki na tafiya" kawai, in gaya miki abin da ya raba ni da mutane ya ɗora ni kan dutse. To, ga shi. Mu goma sha ɗaya ne a nan. Ɗakina gado ne da tebur da hita mai kukan tsohuwa. An hana wayar hannu, domin a gefenmu akwai manyan farantai masu sauraron sama, kuma waya tana dame musu ji. Waya ɗaya ce ta igiya a ofis. Ke da ma ƙyandar da ta taɓa miki kunne da idon dama tun kina ƙarama ta raba ki da waya, don haka takarda ce gatanmu. Motar kayan abinci tana hawowa duk Litinin, ita ke sauka da wasiƙu.

Taurari ba a warwatse suke ba, Yaya, garke-garke suke, kowane garke da dubban miliyoyi. A tsakiyar babban garke akwai abin da muke kira baƙin rami. Wuri ne da nauyi ya taru ya yi yawa, har duk abin da ya matso sai ya janye shi, haske ma in ya shiga ba ya fita. Wanda nake gadi ya kai nauyin ranarmu sau miliyan arba'in. Shi kansa ba ya ganuwa. Abin da muke gani shi ne abincinsa, iska da ƙura da ke zagaya bakinsa, suna zafi suna haske kafin su faɗa.

Shekara ashirin ana kallon wannan ramin, haskensa na hawa da sauka kaɗan-kaɗan kamar fitila a bakin taga. Sai a watan Nuwamba ya yi wata irin walƙiya, haske ya ninka sau hamsin cikin kwana biyu, sannan ya lafa. Aka ce tsautsayi ne. Bayan kwana talatin ya sake. Bayan ashirin da shida ya sake. Jiya ya yi ta huɗu, bayan kwana ashirin da biyu. Farfesa, shugabanmu, ya cire tabarau ya goge ya mayar har sau biyu.

Kowa murna yake yi. Ni ma ina yi, amma yadda kwanakin ke raguwa ba ya bari in yi barci sosai.

Ki gaishe mini da mijinmu, ki ce ya rage gudu.

Autarki


Daga shago, 13 ga Fabrairu

Auta,

Amin, na amsa sallamarki. Muna lafiya. Maigidan yana fama da ciwon bayansa na kullum, ya ce in gaya miki wanda yake zaune kan dutse ba shi da bakin yi wa direba wa'azin ganganci.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Wato duk karatun nan da na ɗinka riguna har yatsuna suka kanta don ki yi, ƙarshensa gadin rami kika samu? Allah ya sa albarka. Amma ki gaya mini gaskiya, wannan abu mai haɗiye haske, yana tahowa nan ne? In yana tahowa ki sanar da ni da wuri, in daina wahalar da kaina da maɓallai.

Don wahala kam ina cikinta. Na koma sabon shago, wanda ke kusa da masu gyaran firji, ya fi tsohon faɗi amma taga ɗaya ce. Na karɓi aikin wani otal da za a buɗe farkon Afrilu, kayan ma'aikata, riga da wando saiti saba'in. Kuma duk baƙi, Auta. Baƙin yadi da baƙin zare. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa riƙe allura ba. Na yi wa manajan alkawarin ƙarshen Maris, kin kuma san bakina, in na ce ranar kaza to ranar ce. Na gama sha tara.

Kin san abin dariya? Tun da na karanta wasiƙarki nake ganin walƙiyar nan taki. A gefen idon hagu take zuwa, fat, kamar an ɗauke ni hoto. Na juya ban ga kowa ba. Ko na rufe ido ina ganinta, musamman in na ɗago kai daga keke da sauri. Jiya sau bakwai. Ke da raminki kun shiga kaina kun zauna.

Rufin gidan Inna, Allah ya ji ƙanta, ya fara yoyo ta ɗakin baya. Masu hayar sun zo sun same ni. Na ce su dakata, Autata na zuwa hutu a Maris, mu je mu gani tare.

Ki riƙa shafa mai a leɓen nan. Ki ci abinci. Na saka miki safar hannu a ambulan, da ragowar ulu na yi ta, kada ki duba launin.

Yayarki


Daga kan dutse, 24 ga Fabrairu

Yayata,

Gaisuwa da fatan kin wuni lafiya. Safar ta iso, ɗaya kore ɗaya ruwan toka, ina sanye da su yanzu, shi ya sa rubutun ya karkace. Allah ya ba mijinmu sauƙin baya.

Ki kwantar da hankalinki, ramin ba ya zuwa ko'ina. Nisansa ya kai har hasken da nake gani yau ya baro can shekara miliyan ɗari shida da suka wuce. Duk abin da zai faru ya riga ya faru tuntuni, labarin ne yake iso mu yanzu. Ki ci gaba da maɓallanki.

Maganar da kika yi cewa kina ganin walƙiyata ko kin rufe ido, sai da ta sa ni hawaye. Ban san kina ɗauke da ni a ranki haka ba. Na karanta wa Injiniya, mai kula da madubinmu na hangen taurari, ya ce da shi ma yana da yaya irinki da bai yi furfura da wuri ba.

Yanzu ga labari. Na zauna na yi lissafi, na ce akwai tauraro guda da ramin ya kama. Yana zagaya shi, duk zagaye sai ya gifta kusa da bakin, ramin ya yago wani sashe na jikinsa, abin da aka yago ya kama da wuta. Walƙiyar ke nan. Kowane zagaye yana ƙara matsowa, shi ya sa kwanakin ke raguwa. Na rubuta a allo cewa ta biyar za ta zo ranar 20 ga wata. Farfesa ya ce, "Yarinya, sama ba ta karanta allo." Ranar 20 kuwa walƙiyar ta zo, Yaya. Ya tsaya a bayana yana kallon layin awon haske na hawa a kwamfuta, ya ce, "To, saura nawa?" Na ce uku. Ta ƙarshe ranar 31 ga Maris, a ranar tauraron zai wargaje gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa faɗin ranar irin wannan tun kafin ta zo.

Saboda haka na ɗaga hutuna. Ko sama za ta faɗo ba zan sauka daga dutsen nan ba sai na ga ta ƙarshe. Don Allah a makonnin nan kada a ɗaga mini hankali da komai, maganar rufi ta jira Afrilu.

Wani lokaci tausayin tauraron nake ji. Yana haske kamar kowa, kuma ba abin da zai fitar da shi.

Autarki


Daga shago, 9 ga Maris

Auta,

Sallama. Ina fata kina lafiya. Mu dai da godiya. Maigidan ya tafi tun shekaranjiya, sun ɗauki manyan injuna za su kai wani wurin haƙar ma'adinai, ya ce sai bayan mako huɗu ko biyar, kuma hanyar ba sabis.

Na ji kin ɗaga hutu. Ba komai. Na riga na wanke labulen ɗakinki na shanya zannuwa, amma ba sa ruɓewa. Na kuma ji kin ce kada a ɗaga miki hankali. Na ajiye biro kwana uku saboda wannan maganar. Yau na ɗauka, domin ba ni da wanda zan gaya wa in ba ke ba. Ki karanta ki ajiye, ba wani abu ba ne.

Walƙiyar nan da kika yi wa kuka, ni ba baiti na yi miki ba. Ganinta nake yi da gaske. Makon da ya wuce kuma sai wasu abubuwa suka fara yawo a idon, kamar an busa toka, wasu kamar guntayen zare. Na yi ta kore ƙuda a kan yadi, ashe ba ƙuda. Matar mai gyaran firji ta tarar da ni ina dukan iska, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Juma'a da safe na tashi na ga kamar an sako labule daga wajen hanci. Baƙi ne, gefensa na rawa. Da safe yana ɗan janyewa, da yamma ya dawo ya ƙara faɗi. Ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa na san gajiya ce da baƙin yadi. Na je kemis, ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce in rage aiki. Na ce masa ya zo ya gaya wa manajan otal.

Matsalar dai kin san da hagun nake ci. Na daman ba ya ganin komai sai hazo tun ina shekara shida. Yanzu in zan zura zare sai na karkata kai kamar kaza na kallon shaho. Ban gaya wa maigidan ba kafin ya tafi, da ya kulle shagon ya tafi da makulli. Saiti arba'in da huɗu na gama.

Ki kula da tauraronki. In kin sauko a Afrilu sai ki raka ni a duba mini tabarau.

Yayarki


Daga kan dutse, 19 ga Maris

Yaya,

Sallama. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, mai kai saƙon gaggawa yana jira a ƙofa. Ki yafe mini, ban fahimci wasiƙarki ta farko ba.

Na kai wa Nas wasiƙarki. Ta karanta tana tsaye, da ta kai wurin labule sai ta zauna. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce yau kusan mako biyu. Ta ce, "Da wane ido take aiki?" Na gaya mata. Ta ce a bayan ido akwai wani siririn mayafi mai karɓar haske, kamar shafin riga. In ya yage sai a riƙa ganin walƙiya da toka. In ya fara rabuwa da jikin idon sai a ga labule. Ba ya ciwo, amma in labulen ya kai tsakiya gani yana iya tafiya, ba ya dawowa. Ana gyara shi in an je da wuri. Ta ce maganar kwanaki ce, ba makonni ba.

Na kira lambar maigidan sau goma sha huɗu, ba ta shiga. Lambar maƙwabtanki na sabon shago ba ni da ita. Na kira tsohon shagon, wani ya ɗauka ya ce bai san ki ba.

Ki rufe keken nan. Ki bar otal da kayansa. Ki sa matar mai gyaran firji ta raka ki babban asibitin ido yau ɗin nan, ki nuna musu wannan takarda. KADA
KI JIRA NI.

Na yi wa Farfesa magana. Ya ce in ina so in tafi, ba zai hana ni ba, amma lissafin nawa ne, kuma saura kwana goma sha biyu. Na auna, na ga ko na zo ni ba likita ba ce, abin da ake bukata shi ne ki isa wurinsu. Da zarar an wuce 31 ga wata ZAN TAHO, in same ki a ASIBITI ko a gida kina hutawa.

Ki sa a rubuto mini abin da likita ya ce.

Auta


27 ga Maris

Auta,

Lafiya lau. Takardarki ta iso. Ƙananan rubutun ba na iya bin su yanzu, amma na ga manyan. Kin ce in jira ki, za ki taho mu je asibiti. To, ina jira. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da ni. Labulen ya kusa rabi. Saura saiti tara, da lalube nake yi. Ki yi haƙuri da layin nan, na san ya hau dutse ya sauko.

Yayarki


Daga kan dutse, 2 ga Afrilu

Yayata,

Gaisuwa da fatan an yi aikin lafiya. Ban ji daga gare ki ba, amma na lissafa, takardata ta iso ki wajen 25 ga wata, don haka yanzu kina kwance da bandeji, kuma na san ba za a bar ki ki riƙe biro ba. Da wannan nake lallashin kaina. Lambar maigidan har yanzu shiru.

Yaya, walƙiyar ƙarshe ba ta zo ba. Ta shida da ta bakwai sun zo daidai kan allo. Ranar 31 kuwa muka taru mu duka a ɗakin kallo, har da mai dafa abinci. Wasu wurare huɗu a duniya sun juya madubansu saboda maganata. Layin ya kwanta kamar matacce har gari ya waye. Jiya ma haka. Injiniya ya ajiye mini shayi ya fita a hankali, kamar gidan makoki.

Abin da ya fi damuna shi ne hasken ramin na yau da kullum ma ya ragu, ya yi duhun da ba a taɓa gani ba cikin shekara ashirin. Farfesa ya ce ko dai na yi kuskure, ko kuma wani abu ya tare mana gani, ana tara abin da ya fi wanda muke jira. Ya roƙe ni in ƙara mako guda. Na ce to.

Na san na ce zan taho ranar 1. Mako guda ne kawai, tunda kina hannun likitoci. Ki bi dokarsu, kada ki yi musu gardama irin taki. Gajimare na taruwa ta yamma, an ce iska mai ƙarfi na tafe.

Autarki


Daga kan dutse, 8 ga Afrilu

Yaya,

Ban san ranar da wannan za ta sauka ba, kuma na san ba ke za ki karanta ta ba. Ina rubutawa ne don in ban yi ba zan haukace.

Motar Litinin ta kawo takardarki ta 27 ga Maris. Na karanta a tsaye a bakin ofis. Ban ce ki jira ni ba, Yaya. Wallahi ban ce ba. Na ruga na haɗa jaka, na fito na tarar motar ta juya da gaggawa don ta riga ƙanƙara sauka. Na bi ta da gudu har kwanar farko ina ihu, direban bai ji ba. Kafin la'asar hanya ta rufe. Yau kwana biyu. Sun ce dutse ya zubo a kan kwanar hanya ta shida, sai an kawo katafila.

Jiya lambar maigidan ta shiga. Ban ma gaishe shi ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun 19 ga Maris. Sannan ya ce zai bar motar a hannun abokin tafiyarsa, kwana biyu ne tsakaninsa da gida.

Tafiyata daga nan zuwa shagonki kwana uku ce. Takardar gaggawa kwana shida ta yi. Na san wannan a ranar da na rubuta ta. Na iya lissafi, shi ne aikina.

Walƙiyar ta zo jiya. Ta ninka duk na baya sau goma, an ce ba a taɓa ganin irinta ba. Rufin madubinmu a kulle yake saboda iska, ban ga komai ba. Wani tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka, aka turo mana a kwamfuta kamar yadda aka tura wa kowa. Da ina zaune a shagonki ma haka za a turo mini. Suna ta tafi a ɗakin cin abinci, Farfesa ya zo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa sau biyu. Ban buɗe ba.

Auta


Daga asibiti, 13 ga Afrilu

Ƙanwata Auta,

Sallama a gare ki. Ni ne mijin yayarki. Akawun asibiti ya taimaka zai tura wannan ta kwamfuta zuwa ofishinku, tunda an ce hanyarku a rufe take. A waya ba na iya tsara magana, shi ya sa na rubuta.

Na iso ranar 9 da rana. Ban same ta a gida ba, na wuce shago. Tana zaune a kan kujerar keke, fuskarta na kallon ƙofa, jakarta a kan cinya, ta sa mayafin fita. Matar mai gyaran firji ta ce kullum haka take zuwa ta zauna tun ranar 1 ga wata. Matar ta yi ta cewa ta zo ta kai ta asibiti, yayarki kuma tana cewa a'a, Auta ta ce a jira ta, ita ta san likitan da ya dace. Kayan otal ta gama su duka, an zo an ɗauka. Da na shiga sai ta ce, "Auta?" Ina tsaye gabanta, taku biyu.

An yi aikin ranar 10, awa uku. Likita ya ce mayafin ya rabu har tsakiya, kuma ya daɗe a haka. Ya mayar da shi, amma ya ce kada mu sa rai da yawa. Za ta ga haske da duhu, za ta ga mutum a tsaye, wataƙila ta gane ƙofa. Na tambaye shi allura fa, ya girgiza kai. Na tambaye shi da an zo a watan Maris fa. Ya ce in bar wannan tambayar, ba ta da amfani ga kowa yanzu.

An kwantar da ita rub da ciki, fuska ƙasa, kwana bakwai ba ɗagowa. Jiya ta ce in ɗauko takardarki daga jakarta in karanta mata, in ɗora baki a kunnenta. Da na kai wurin, na ga kalmar "kada" ita kaɗai a ƙarshen layi, ta wajen dama, daidai inda labulen ya rufe mata. Na so in tsallake. Ta ce, "Me ya sa ka tsaya?" Sai na karanta yadda yake. Ta sa na maimaita.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da ke a hanya. Amma ni ma na kwana ɗaki ɗaya da ita tana dukan iska, na ɗauka sauro ne. Kowa ya ɗauki nasa.

Mijin yayarki


Daga asibiti, 17 ga Afrilu

Auta,

Sallama. Ni ce, maigidan ke rubutawa, na kuma ce ya rubuta yadda na faɗa ko da bai so ba. Jiki da sauƙi. Yau aka bar ni na ɗago kai, wuyana kamar na aro. Na ga taga. Na ga wani dogon abu kusa da ita, aka ce shi ne. Na ce to ai ya fi kyau a haka.

An karanta mini a jarida cewa tauraronki ya mutu, kuma lissafinki ya yi daidai, kwana bakwai kawai ya kuskure. Na ce a gaya wa matar gadon kusa. Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta ɗauka wani ɗan'uwa ne.

Na ji haushinki, ba zan yi ƙarya ba. Kwana biyu ina kife ina zaginki a cikin matashi. Na ji haushin kaina ma, da na zauna da takarda a jaka kwana goma sha biyar ban ba kowa ya karanta mini ba, don kada a ga sirrin 'yan'uwa. Yanzu haushin ya gaji ya kwanta. In kin zo kada ki durƙusa mini kina kuka, likita ya hana ni hawaye, kuma kin san in kin fara sai na taya ki.

Keken na ce a rufe shi da zane a bar shi inda yake. Ban yanke shawara ba tukuna, kada kowa ya yanke mini.

Yanzu ki buɗe kunne, wannan ce ta sa na ce a rubuta. Likita ya zauna ya yi mini tambayoyi. Ya ce akwai wanda ya makance a gidanmu? Na ce Inna, a shekarunta na ƙarshe, amma mu an ce mana tsufa ne. Ya ce shekarunta nawa? Na ce hamsin da biyu. Ya ce wannan ba tsufa ba ne. Ya ce ina da 'yan'uwa? Na ce ƙanwa ɗaya. Ya ce tana sa tabarau? Na ce mai kaurin gindin kwalba, tun tana aji uku. Sai na ji ya ajiye biro. Ya ce abin yana bin jini, kuma ya fi kama masu irin idonki. Ya ce yana so ya duba ki tun kafin ki ga komai, in kuma kin riga kin fara gani, kada ki ɗauki kaya mai nauyi a hanya.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da gemu, amma kin gane.

Ban tambaye ki ko kina ganin wani abu ba, don na san za ki ce a'a. Maigidan ya ce an gaya masa za a buɗe hanyarku ranar Asabar. Likitan yana zama ranar Laraba, daga ƙarfe takwas. Na riga na sa an rubuta sunanki, ke ce ta uku a layi.

Yayarki